Motsi Ya Fi Laɓewa: Iyaye da Neman Lokacin Motsa Jiki a Birni

Gabatarwa

Idan likita ya auna jinin magidanci ya ga ya hau, cikin shawarwarin da zai ba shi ba a rasa guda biyu, wato a rage gishiri, a kuma riƙa motsa jiki. Ta farkon ba ta cika wuyar karɓa ba, domin magana ce ta tukunya. Ta biyun kuwa amsarta kusan ɗaya ce a bakin kowa: "Likita, ina na ga lokaci?"

Wannan amsa gaskiya ce, kuma ba lalaci ne ke sa a faɗe ta ba. Duk wanda ya san unguwanni irin su Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Unguwa Uku, a Ƙaramar Hukumar Tarauni ta Jihar Kano, ya san yadda yini ke kuɓuce wa iyaye. Da an idar da sallar Asuba sai shirin yara, daga wanka zuwa karin kumallo zuwa neman takalmin da ya ɓata. Kafin ƙarfe takwas Titin Zariya ya cika maƙil, maigida ya nufi ofis ko kasuwa ko makarantar da yake koyarwa, uwargida kuma ko dai ta fita nata aikin, ko ta fuskanci wanki da girki da raino da 'yar sana'arta ta cikin gida. Da rana a ɗauko yara, da La'asar a tura su Islamiyya, da Magariba kowa ya dawo a gajiye. Ga kuma zumunci, suna da biki da dubiya da gaisuwar rasuwa, waɗanda babu wanda za a ƙi zuwa a zauna lafiya da dangi.

Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin mutumin da yininsa ya cika haka yana da hanyar ba jikinsa haƙƙinsa? Binciken da masana kimiyya suka yi cikin shekara 70 da suka gabata ya nuna cewa yana da ita. Motsin da jiki ke buƙata bai kai yawan da ake zato ba, ana iya tara shi kaɗan-kaɗan, kuma mafi yawansa yana iya shiga cikin ayyukan da dama can ana yin su.

Ina Motsin Ya Tafi?

Kakanninmu ba su taɓa keɓe wani lokaci wai na motsa jiki ba, domin neman abincinsu shi ne motsinsu. Manomi yana huɗa da noma da girbi da ƙarfin damtsensa. Fatake suna tashi daga Kano da ƙafa su yi watanni kafin su isa Gwanja su sayo goro. Mace kuwa kafin tuwo ya shiga akushi sai ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka ko ta durƙusa a dutsen niƙa, ta ja ruwa da guga, sannan ta yi tuƙi da muciya. Ko a zamanin iyayenmu, malamin makaranta da akawu a kan keke suke zuwa aiki.

Sannu a hankali injuna suka karɓe waɗannan ayyuka. Injin niƙa ya hutar da turmi da taɓarya, injin markaɗe ya hutar da dutse, famfo da burtsatse da 'yan garuwa suka hutar da guga. A kan titi acaɓa ta zo ta rage tafiyar ƙasa, kuma da gwamnatin Kano ta hana haya da babur a cikin birni a shekarar 2013, sai babur mai ƙafa uku ya gaje ta, wanda ya samo sunan A Daidaita Sahu tun zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau. Yau tafiyar da ba ta wuce minti 10 ba sai mutum ya tsaya bakin titi ya yi minti 10 yana jiran abin hawa. Hirar dare ma ta koma gaban talabijin da wayar hannu. Bugu da ƙari, fili ya yi tsada. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutum sama da 220,000 ne ke zaune a Tarauni, cikin faɗin ƙasar da bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, wato kusan mutum 8,000 a kowane murabba'in kilomita. A irin wannan cunkoso, gida da shago sukan riga filin wasa samun wuri.

Babu mai hankalin da zai ce a koma wahalar da. Injin niƙa rahama ne ga mata, abin hawa kuma ya sauƙaƙa rayuwa. Sai dai jikin ɗan'adam bai sauya ba, har yanzu irin na fataken Gwanja ne, wanda aka gina domin tafiya da ɗaukar kaya. A nan ne kuma ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato gajiya da motsi. Ɗan kasuwar da ya yini zaune a shago yana ciniki, da direban da ya yini cikin cunkoson motoci, da telan da ya yini a kan keken ɗinki mai aiki da lantarki, duk sukan dawo gida a gajiye tilis. Amma ƙwaƙwalwa ce da ido da baya suka gaji. Zuciya da huhu da manyan tsokokin ƙafa ba su yi aikin a zo a gani ba.

Matsalar ta game duniya. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa samun motsin da ya wadatar. Mata sun fi maza shiga wannan hali, domin su kashi 34 ne, maza kuwa kashi 29.

Darasin Direba da Kwandasta

Yaya aka yi masana suka gano cewa zama yana cutarwa? Labarin ya faro ne a birnin Landan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ciwon zuciya ya riƙa kashe maza masu matsakaicin shekaru ba tare da an san dalili ba. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya lura da motocin bas masu bene da ke zirga-zirga a birnin. A kowace mota akwai mutum biyu, direba da kwandasta. Unguwanninsu iri ɗaya ne, abincinsu kusan iri ɗaya, sa'o'in aikinsu ɗaya. Bambancinsu shi ne direba a zaune yake yini, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakalar bene yana karɓar kuɗi, har yakan taka matakala 500 zuwa 750 a yini guda.

Morris da abokan aikinsa suka bi bayanan lafiyar ma'aikata kimanin 31,000, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta The Lancet a 1953. Sun tarar cewa mutuwar gaggawa ta ciwon zuciya ta fi yawa a cikin direbobi, har kusan ninki biyu. Da suka duba ma'aikatan gidan waya sai suka sake ganin haka: masu raba wasiƙu da ƙafa ko a kan keke sun fi masu zaman ofis tsira.

Wasu masana suka yi musu, suka ce wataƙila dama masu ƙiba ne ke zaɓar aikin tuƙi, saboda haka ƙibar ce ke kashe su. Morris bai yi gardama da baki ba. Sai ya nemi hukumar sufurin Landan ta ba shi awon ƙugun wandunan da take ɗinka wa ma'aikatanta. Lalle direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma ko da aka gwada mai teɓa da mai teɓa, siriri da siriri, kwandastoci ne suka fi tsira. Ɗalibi ya lura da wannan, domin haka kimiyya take aiki: idan an kawo suka sai a nemo ma'aunin da zai raba gardama. Shi kansa Morris ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Abin lura ga iyaye shi ne, kwandastocin nan babu wanda ya taɓa keɓe sa'a guda ya tafi filin wasa saboda wannan bincike. Cikin aikinsu na neman abinci suka samu kariyar.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Jiki

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti. Idan mutum ya kama tafiya da sauri, tsokokin ƙafa sukan buƙaci ƙarin iskar oksijin, sai numfashi ya ƙaru, bugun zuciya ya ƙaru. In aka maimaita haka na wasu makonni, zuciya takan ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta buƙatar yawan bugu a lokacin hutu. Mu ɗauka bugun zuciyar wani ya sauka daga 80 zuwa 70 a minti. Ragin bugu 10 ke nan a minti, 600 a sa'a, 14,400 a kwana ɗaya.

Na biyu, jijiyoyin jini. Idan jini yana gudu da ƙarfi lokacin motsi, fatar da ke shimfiɗe a cikin jijiya takan fitar da wani sinadari da ke sa jijiyar ta saki ta buɗe. Jijiyar da ta saba buɗewa ba ta saurin ƙandarewa, jini kuma yakan wuce ta cikinta ba tare da zuciya ta yi ta fama ba. Shi ya sa mai hawan jini da ya lizimci tafiya da sauri yakan ga lambar sama ta awon jininsa ta sauka da maki 5 zuwa 8, ragin da ya kusanci aikin wasu ƙwayoyin magani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma yana lalata ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 ne ke ɗauke da shi, kusan rabinsu kuma ba su sani ba.

Na uku, sukari. Tuwo da shinkafa da burodi duk sukan narke su zama sukari a cikin jini. Sinadarin insulin shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofar shiga tsoka. Idan zama ya yi yawa, kitse kuma ya taru a ciki, sai ƙofar ta riƙa cijewa, sukari ya taru a jini, daga nan sai ciwon sukari. Amma tsokar da ke aiki tana da wata ƙofa ta daban wadda take jawo sukari ta cikinta ko da insulin bai wadata ba. Wannan ne dalilin da ya sa 'yar tafiya bayan cin abinci take rage hawan sukari. An gwada wannan a Amurka da mutum 3,234 waɗanda ke gab da kamuwa da ciwon, aka raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna cewa waɗanda aka sa su gyara cimarsu, su rage nauyi kaɗan, su kuma yi motsin minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin metformin kuwa nasu ya ragu da kashi 31 ne.

Har ila yau, ƙashi yakan ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi, gaɓoɓi sukan saki, barci yakan yi daɗi, damuwa kuma takan ragu. Uwar da ta samu barci mai kyau ta fi haƙuri da ƙiriniyar yara.

Nawa Ne Ya Wadatar?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Yara masu shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 suke buƙata a kowace rana. Gane matsakaicin motsi ba ya buƙatar na'ura. Idan mutum yana tafiya numfashinsa ya ƙaru, jikinsa ya ɗau ɗumi, yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, to yana kan matsakaici. A ƙirga, wannan ya yi daidai da taku 100 a minti. In kuwa ba ya iya faɗin kalma uku ko huɗu sai ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani.

Bari mu yi lissafi. Mako yana da sa'a 168, wato minti 10,080. Minti 150 bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin 100 na wannan ba. In an raba shi kwana biyar, minti 30 ke nan a rana. Ƙa'idar da ta gabata, ta 2010, ta ce sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a lasafta shi. A 2020 aka cire wannan sharaɗi, domin bincike ya nuna cewa kowane minti yana shiga lissafi. Da yayyafi kogi kan cika.

Wanda ma bai iya kai wa 150 ba bai yi asara ba. A ƙasar Taiwan an bi mutum sama da 416,000 na tsawon kimanin shekara takwas, aka buga sakamakon a 2011. Masu motsin minti 15 kacal a rana haɗarin mutuwarsu cikin wannan lokaci ya gaza na marasa motsi da kashi 14 cikin 100, aka kuma ƙiyasta cewa sun fi su tsawon rai da shekara uku. A 2022 kuma masana daga Jami'ar Sidni ta Ostireliya suka nazarci mutum sama da 25,000 a Birtaniya waɗanda ba sa yin kowane irin wasan motsa jiki, amma an ɗaura musu na'urar auna motsi a wuyan hannu. Waɗanda sau uku a rana sukan yi wani abu mai sa haki na minti ɗaya ko biyu, kamar hawa bene da sauri ko ɗaukar kaya mai nauyi, haɗarin mutuwarsu ya gaza na sauran da kusan kashi 40. Irin waɗannan bincike na bibiya alaƙa suke nunawa, ba su kai gwajin ƙuri'a ƙarfin hujja ba, amma duk sun fuskanci alƙibla ɗaya da shi.

Maganar taku 10,000 da ake yawan ji kuwa, asalinta talla ce. Wani kamfanin Japan ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata suna mai ma'anar taku dubu goma. Wani bincike na 2019 a kan mata tsofaffi a Amurka ya nuna cewa masu taku 4,400 a rana sun fi masu taku 2,700 tsawon rai, amfanin kuma yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Saboda haka kada yawan lambar ya karya wa kowa gwiwa.

Lokacin da Ke Ɓoye Cikin Yini

Mu fara da maigida. Mutum yakan ci kilomita ɗaya cikin minti 12 idan ya ɗaga ƙafa. Wanda ke hawa A Daidaita Sahu zuwa aiki, in ya sauka tun da sauran kilomita ɗaya ya ƙarasa da ƙafa, ya kuma yi haka a dawowa, ya samu minti 24 a rana, minti 120 cikin kwana biyar na aiki, ga kuma ragowar canji a aljihu. Raka yara makaranta da ƙafa, in ba ta da nisa, yana ba uba da 'ya'ya motsi a lokaci guda, ya kuma ba shi damar jin abin da ke damunsu. Ma'aikacin da ofishinsa ke bene ya mai da matakala abokiyarsa. Mai shago ya miƙe duk bayan rabin sa'a, ya ɗauko wa mai saye kaya da kansa maimakon ya aiki yaro. Zuwa masallaci da natsuwa ake yin sa, amma babu laifi in an idar da sallar Asuba mutum ya zagaya ta layi biyu ko uku da sauri kafin ya shiga gida, lokacin da gari ke da sanyi, titi kuma babu hayaƙi. Abokan majalisa ma suna iya yin rubu'in sa'a na farkon hirarsu a tafe, su ƙarasa a kan benci.

Sha'anin uwargida ya fi buƙatar tunani, domin sau da yawa ba ta da damar fita yawo a titi, ga goyo, ga girki. Amma tsakar gida ta isa. Tsakar gidan da tsawonta ya kai taku 10, in aka kai aka komo sau 50 an yi taku 1,000, wato minti 10, daidai lokacin da ake jiran ruwan tuwo ya tafasa. Shara da wanki da hannu da goge ɗaki, in an yi su da kuzari har jiki ya ɗau ɗumi, suna cikin lissafi. Dakan yaji ko na fura a turmi aiki ne na kafaɗa da baya da ciki. Hawa da sauka a kan dakali ko matakala ta farko na minti uku yana sa haki kamar hawan bene. Don ƙarfafa tsoka, a zauna a kan kujera a miƙe sau 10 ba tare da dafa komai ba, a huta, a sake. A dafa bango da tafin hannu biyu a riƙa kusantarsa ana turawa. A ɗaga galan mai lita 4 cike da ruwa, wanda nauyinsa kilo 4 ne. Tsallen igiya da gaɗa tare da 'yan mata ba su da kuɗin shiga. Tafiya Islamiyyar matan aure ko gidan 'yan'uwa a cikin unguwa, in an haɗu biyu ko uku an tafi da ƙafa, ta zama zumunci da magani. A nan akwai haƙƙi a kan maigida, domin minti 20 da zai riƙe jariri ko ya sa ido a kan yara shi ne lokacin da uwargida ke cewa ba ta da shi.

Wanda kwanakin aikinsa suka cushe gaba ɗaya yana da Asabar da Lahadi. Wani bincike na 2017 a kan mutum sama da 63,000 a Ingila da Sikotilan ya nuna cewa masu tara motsinsu cikin kwana ɗaya ko biyu a mako su ma haɗarin mutuwarsu ya gaza na marasa motsi da kimanin kashi 30. Zagaya gidan namun daji na Audu Baƙo da yara, ko hawan Dutsen Dala, ko buga ƙwallo da su a filin makarantar unguwa, duk sun wadatar.

Yanayi da Hattara

Kano gari ne mai zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40, saboda haka a zaɓi sanyin safiya ko bayan La'asar sakaliya, a kuma sha ruwa sosai. Da hunturu, ranar da ƙura ta yi kauri, mai asma da mai ciwon ƙirji su yi motsinsu a cikin gida. Da azumi, a bari sai an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa. Mai tafiya a gefen manyan tituna irin su Titin Zariya da Titin Maiduguri ya riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ya sa tufa mai haske in da duhu, ko ma ya bi ta cikin layuka inda hayaƙi ya yi sauƙi.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 5 ko 10, ya riƙa ƙarawa duk mako. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita, kuma kada ya ajiye maganinsa don ya fara tafiya. Mai ciwon sukari ya sa takalmi mai rufi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa, ya kuma riƙe dabino ko alewa saboda faɗuwar sukari. Duk wanda ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa fiye da ƙima, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Mai juna biyu da mai jego, in babu wata matsala, su ma minti 150 ɗin nan aka shawarta musu, bisa sahalewar ma'aikatan awo. Sai dai akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, wanda arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi bayaninsa, likitocin zuciya na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma sun ci gaba da bincike a kansa. Mai jegon da ke haki da ɗan ƙaramin aiki, ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, asibiti take buƙata da gaggawa. Wannan asibitin koyarwa, wanda aka kafa a 1988, yana nan a kan Titin Zariya, kusa da mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Babban Giji.

Aikin Ɗalibi da Malami

Ɗalibi na iya cewa wannan magana ta iyaye ce. Amma wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, aka buga a 2019, ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun minti 60 ɗin da ake so. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban da haka, ɗalibin da ya karɓi wanke-wanke ko rainon ƙani na rabin sa'a ya ba mahaifiyarsa lokacin da babu likitan da zai iya rubuta mata a takarda.

Ga wani gwaji da malamin kimiyya zai iya yi da ajinsa ba tare da sayen komai ba. Kowane ɗalibi ya zauna shiru na minti biyar, sannan ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 30, ya ninka biyu. Daga nan ya yi hawa da sauka a kan dakali na minti uku, ya sake ƙirgawa nan take, da bayan minti ɗaya, da biyu, da uku. A zana sakamakon a jadawali. Saurin komawar bugun zuwa yadda yake tun farko alama ce ta ƙwarin zuciya. Sai a auna mita 100 a filin makaranta, kowa ya ƙirga takunsa, ya lasafta taku nawa ke tsakanin gidansu da makaranta. Ɗalibi ya koya wa iyayensa ƙirga bugun jininsu na hutu, su rubuta, su yi tafiyar minti 20 kullum har mako shida, sannan a sake aunawa a kawo aji a tattauna.

Kammalawa

A taƙaice, iyayen da ke cewa ba su da lokaci ba su yi ƙarya ba, domin sa'a guda sukutum ba ta samuwa a gidan da ke da yara. Abin da ke samuwa shi ne minti 12 a hanyar aiki, minti 10 a tsakar gida, minti 3 a kan dakali, kuma kimiyya ta tabbatar cewa jiki yana karɓar waɗannan yana tarawa. Uban da ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki yana da shekara 50, ko uwar da ciwon sukari ya taɓa mata ido, gidan gaba ɗaya ne ke ɗaukar nauyin, har da kuɗin makarantar yara. Don haka lokacin da iyaye suka ba jikinsu yana cikin hidimar da suke yi wa 'ya'yansu. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kuma ba mu ikon kula da ita.